Mashigin Nun da Batun "Gano" Bakin Kwara: Sharhi a Kan Littafin Tafiyar Richard da John Lander

1.0 Gabatarwa

Kusan duk wanda ya yi makarantar boko a Nijeriya ya haddace cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, kuma Richard Lander da ƙanensa John su ne suka gano bakinsa a shekarar 1830. Tushen magana ta biyu shi ne littafin tafiyar da waɗannan 'yan'uwa suka rubuta, wanda kamfanin John Murray ya buga a Landan a shekarar 1832 cikin juzu'i 3. Wurin da ake nufi kuwa shi ne mashigin Nun, wato inda ɗaya daga cikin manyan rassan Kwara yake faɗawa Tekun Atilantika daura da garin Akasa, a Ƙaramar Hukumar Brass ta Jihar Bayelsa.

Wannan nazari zai auna littafin da ma'auni biyu, wato yanayin ƙasar mashigin da kuma tarihin waɗanda suka riga marubutan sanin wurin. Ra'ayin da za a kafa shi ne cewa littafin sheda ce mai daraja, amma sunan da aka ba aikin marubutansa ya fi aikin girma. Abin da suka yi shi ne ƙulla ilimi biyu da suka daɗe a rarrabe: ilimin masu jiragen teku game da gaɓa, da ilimin masu kwalekwale game da kogi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin kalmar "ganowa" ba ta tsaya a littattafan makaranta ba. Daga baya ta zama hujjar mallaka, kuma mutanen da suka kai marubutan bakin teku su ne suka fara ɗanɗana kuɗarta.

2.0 Yanayin Ƙasar Mashigin

Kogin Kwara yana da tsawon kilomita kimanin 4,200. Yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, wuri da bai fi kilomita 240 daga teku ba, sai ya ba teku baya ya nufi arewa maso gabas har kusa da Tambutu, sannan ya karkato kudu maso gabas ya ratsa ƙasar Zabarma, ya wuce Yawuri da Busa, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Idan ya gota garin Abo sai ya rabu gida biyu. Reshen Forcados ya yi yamma, reshen Nun kuma ya miƙa kudu, ya yi tafiyar kilomita kimanin 160 kafin ya isa Akasa. Kowane reshe yana ci gaba da rarrabuwa, ta yadda ruwan kogin yake isa teku ta mashigai kimanin 20 da suke jere a gaɓa.

Wanda ya taso daga teku zai ratsa ƙasa iri uku kafin ya kai tudu. Da farko akwai siraran tsibiran yashi da igiyar ruwa ta tara, waɗanda kansu ne aka kafa garuruwa irin su Akasa da Twon. Bayansu akwai kurmin ruwan gishiri, inda itatuwa ke tsaye a kan saiwoyinsu cikin taɓo, teku na cikowa ta rufe saiwoyin sau biyu a rana sannan ta janye. Bayan wannan sai fadamun ruwan daɗi, waɗanda ambaliya ke shafewa kowace damina. Ruwan sama a gaɓar yakan kusanci milimita 4,000 a shekara, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba. Dukkan yankin a saƙe yake da ƙananan hanyoyin ruwa da suke haɗa wannan reshe da wancan, har mai kwalekwale yakan yi tafiyar kwanaki daga gari zuwa gari ba tare da ya leƙa teku ba.

Abu mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne shingen yashi da ke kwance ƙarƙashin ruwa a bakin kowane mashigi. Inda ruwan kogi ya yi karo da igiyar teku, ƙarfinsa yana raguwa, sai ya zubar da yashin da ya ɗauko. Ruwan da ke kan wannan shinge ba shi da zurfi, igiya tana karyewa a kansa da ƙarfi, kuma hanyar da jirgi zai bi ta cikinsa tana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Jirgin da ke tafiya da iska ba ya ƙetare shi sai ya dace da cikowar teku da iska mai kyau, kuma sai da ɗan gari da ya san hanya.

Waɗannan abubuwa su ne suka ɓoye kogin daga idon mai kallo daga teku. Kogin Kwango yana faɗawa teku ta baki ɗaya mai faɗi da zurfi, shi ya sa Diogo Cão da ya isa wurin a farkon shekarun 1480 bai yi shakkar cewa babban kogi ne ba. Kwara kuwa ya raba ƙarfinsa, babu wani mashigi guda da girmansa zai sa baƙo ya yi zaton ruwan Tambutu ne yake gani.

3.0 Shekara 350 a Bakin Ƙofa

Mutanen Fotugal sun isa wannan gaɓa a farkon shekarun 1470, a zamanin da Sarkinsu ya ba wani attajiri mai suna Fernão Gomes kwangilar ciniki bisa sharaɗin ya riƙa tura jirage gaba kowace shekara. Zuwa shekarar 1486 João Afonso de Aveiro ya kai ziyara fadar Benin, aka kuma buɗe wurin ciniki a Ughoton. Sunayen da suka sa wa mashigan har yau wasu suna nan: Escravos, wato kogin bayi, da Forcados, da Ramos. Kogin Brass sun kira shi São Bento, na Bonny kuma Rio Real.

Mafi ingancin bayanin wannan zamani shi ne na Duarte Pacheco Pereira, wanda ya rubuta littafin jagorar matuƙa jirage tsakanin 1505 da 1508, ko da yake ba a buga shi ba sai a 1892. Pereira ya bi mashigan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin alamun da ake gane kowanne da haɗarin da ke bakinsa. Ya ambaci mutanen Ijo da suke zaune a wurin. A Rio Real ya ba da labarin wani babban gari da ake dafa gishiri, da manyan kwalekwale da aka sassaƙa daga itace guda, wasu suna ɗaukar mutum 80, suna zuwa daga can cikin ƙasa da doya da bayi da dabbobi su koma da gishiri.

Wannan bayani yana nuna abu biyu. Na farko, cinikin kogi tsakanin gaɓa da cikin ƙasa ya riga zuwan Turawa, domin Pereira ya tarar da shi ne a kafe. Na biyu, alamar cewa akwai doguwar hanyar ruwa a bayan kurmin tana hannun Turawa tun farkon ƙarni na 16, amma babu wanda ya bi ta. Bayan mutanen Fotugal, na Holan da Faransa da Ingila sun yi ta sayen bayi a waɗannan mashigai, daga baya suka koma ga manja, har aka riƙa kiran wurin Kogunan Manja. Sun san zurfin kowane shinge, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zazzaɓi yana kashe su idan sun daɗe, jiragensu ba sa iya ratsa ƙananan hanyoyin ruwa, kuma sarakunan gaɓa ba su da wani dalilin nuna wa abokin ciniki hanyar da zai tsallake su.

4.0 Abin da Ake Faɗa a Turai da Sakkwato

A Turai an ɗauki kogin Tambutu a matsayin wata matsala daban da ba ta da alaƙa da gaɓar manja. Al-Idrisi a ƙarni na 12 da Hasan al-Wazzan a ƙarni na 16 duka sun ce yamma yake gudu. Da Mungo Park ya gan shi a Segu a watan Yuli na 1796 yana gudu gabas, sai tambaya ta koma ina ya ƙare. James Rennell ya ce yana ƙafewa a wasu tafkuna a tsakiyar nahiya. Wasu suka ce shi ne Nilu. Park da kansa ya karkata ga cewa shi ne Kwango, kuma a kan hanyar gwada wannan ne ya halaka a Busa a 1806. A 1816 gwamnatin Ingila ta tura James Tuckey ya hau Kwango don neman Kwara, tafiyar da ta ci ransa da na mutanensa da yawa.

Akwai waɗanda suka faɗi daidai tun kafin 1830. Wani Bajamushe mai suna Reichard ya kawo ra'ayin a farkon ƙarni na 19. James MacQueen, wanda ya yi aikin kula da gonar rake a tsibirin Girenada, ya buga littafi a 1821 yana cewa Kwara a gaɓar Benin da Biyafara yake faɗawa teku, kuma wani ɓangare na hujjarsa ya samo shi ne daga bakin bayin Afirka ta Yamma da ya yi hira da su. Manyan jami'an rundunar ruwan Ingila ba su ɗauki maganarsa da muhimmanci ba.

A Sakkwato kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riga ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa ƙasar Yarabawa tana da tashar da jiragen Nasara ke zuwa sayen bayi. Da Clapperton ya same shi a 1824, ya ruwaito cewa Sarkin Musulmi ya shaida masa kogin yana kaiwa teku, ya kuma ambaci Funda da Raka. Sai dai taswirar da aka ba shi, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna kogin ya nufi Masar. Da Clapperton ya dawo ta teku a ƙarshen 1825, bai sami wata tashar gaɓa mai ɗaya daga cikin sunayen nan ba, domin duka biyun garuruwan cikin ƙasa ne. Wasu masana suna ganin da gangan aka karkatar da taswirar saboda tsoron abin da Ingila ta yi a Indiya, wasu kuma suna ganin al'adar littattafan Larabci ce ta rinjayi mai zanen. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya bayyana shi ne sanin Sakkwato yana da ƙarfi har zuwa ƙasar Nufe da kewayen mahaɗar koguna biyu, daga nan kuma sai ya fara dusashewa.

5.0 Littafin da Abin da Ya Ƙunsa

Richard Lander baran Clapperton ne a tafiyarsa ta biyu, kuma shi ya binne maigidan nasa a kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Gwamnati ta sake tura shi a 1830 da guzuri kaɗan da alkawarin fam 100 idan ya dawo. Ƙanensa John ya bi shi ba tare da an yi masa alkawarin ko sisi ba. Sun sauka Badagiri a watan Maris, suka ratsa ƙasar Yarabawa zuwa Busa, suka hau Yawuri neman takardun Park ba su samu ba, sannan suka bar Busa cikin kwalekwale ran 20 ga Satumba. Ran 25 ga Oktoba suka wuce mahaɗar Binuwai. A farkon Nuwamba, a wata kasuwar kogi da suka kira Kiri, kusa da Asaba, aka far musu, aka kwashe kayansu, aka kai su gaban Obi Ossai na Abo. Obi ya sa musu fansar kayan da suka kai kuɗin bayi 20. Wani basarake ɗan kasuwa na Nembe, wanda Turawa ke kira King Boy, ya biya fansar bisa alkawarin cewa wani jirgin Ingila da ke bakin Nun zai mayar masa da kuɗinsa da riba. Shi ya ɗauke su a kwalekwalensa ya kai su garinsu, sannan ya raka Richard zuwa jirgin, mai suna Thomas. Kyaftin ɗin jirgin, Lake, ya ƙi biyan komai. Da John ya iso, jirgin ya tashi, ya sha wuya ƙwarai kafin ya ƙetare shingen yashi a ƙarshen Nuwamba, King Boy kuma ya koma gida hannu rabbana.

5.1 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Babban abin yabo shi ne marubutan ba su ɓoye halin da suka isa teku ba. Mai karatu zai ga cewa sashen ƙarshe na tafiyar, wanda shi ne dalilin shahararsu, sun yi shi ne a matsayin kamammu, a takure cikin kwalekwalen wani, ba su da ikon cewa a tsaya ko a wuce. Sun kuma bayyana kunyar da Richard ya ji game da abin da Lake ya yi, har ma halin wannan kyaftin ya fito a littafin da muni fiye da na sarakunan da suka tsare su.

Na biyu, littafin ma'adana ce ta bayanin cinikin kogi kafin zuwan jirage masu tururi. Ya kwatanta Raba da masana'antunta, da Egga da manyan jiragenta, da kasuwannin da ake ci a kan tsibiran yashi. Tun kafin su kai Abo sun fara ganin tufafin Turai da bindigogi da tutoci, a Abo kuma suka sami masu jin Ingilishi kaɗan-kaɗan. Kwalekwalen King Boy yana da matuƙa kimanin 40 da igwa a gaba. Wanda ya karanta wannan a natse zai gane cewa hanyar da suka bi babbar hanyar kasuwa ce da ake bi kowane wata. A kan irin wannan sheda ne K. O. Dike ya gina wani ɓangare na littafinsa na 1956 kan ciniki da siyasar Neja Dalta.

Na uku, kwatancin ƙetare shingen yashi yana daga cikin mafi amfani a littafin. Kwanakin da jirgin ya yi yana fama da igiya suna bayyana wa mai karatu, fiye da duk wani dogon bayani, dalilin da ya sa masu jirage suka dogara da 'yan gari, da kuma dalilin da ya sa wanda ya riƙe sanin mashigi ya riƙe ciniki.

5.2 Inda Littafin Ya Yi Rauni

Ta fuskar ilimin ƙasa, littafin bai kai sunansa ba. Marubutan ba su da horo a kan auna ƙasa, ba su da kayan aikin tantance matsayin wuri, kuma kamfas ɗinsu da wani ɓangare na rubuce-rubucensu sun salwanta a harin Kiri. Taswirar da ke cikin littafin wani hafsan ruwa mai suna Becher ne ya haɗa ta a Landan daga ƙiyasin tafiyarsu, kuma shi ya tsara rubutun 'yan'uwan biyu ya zama murya ɗaya. Saboda haka mai nazari ba koyaushe zai iya rarrabe abin da aka rubuta a ranar da abin ya faru da abin da aka cike daga baya ba. Binuwai ma sun ɗauke shi a matsayin kogin da ke fitowa daga Tafkin Chadi, kuskuren da bai gyaru ba sai a shekarun 1850. Bugu da ƙari, ba su bi Nun kai tsaye har bakinsa ba, domin King Boy ya ratse da su ta ƙananan hanyoyin ruwa zuwa Nembe. Tsarin rassan kogin, wato wanne ya fita daga wanne, a dagule yake a littafin.

Rauni na biyu shi ne yadda aka ɗauki mutanen da tafiyar ta rataya a wuyansu. Misali mafi kusa da mu shi ne Abubakar, mutumin Gobir, wanda Turawa ke kira William Pascoe. An kama shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aiki a rundunar ruwa, ya raka Clapperton zuwa Sakkwato, sannan ya raka 'yan'uwan nan daga farko har ƙarshe. Shi ne tafinta, shi ne maharbin da ke nemo musu nama, kuma ya san teku ya san Hausa. A rubuce-rubucen Lander yakan fito ne a matsayin tsoho abin dariya mai son aure. Haka nan harshen Hausa shi ne ya ɗauke su a mafi yawan hanyar, har kalmominsa suna leƙowa a littafin cikin gurɓataccen rubutu, kamar inda Sarkin Busa ya ce sai ya tuntuɓi baƙin ruwa kafin ya sallame su. A Kiri ma wasu malamai daga Funda ne suka tsaya musu a wurin shari'a. Duk waɗannan suna cikin littafin, amma an ajiye su a gefe tamkar kayan ado.

Rauni na uku shi ne marubutan ba su fahimci tsarin da suka ratsa ba. Duk inda aka tsare su ko aka nemi kuɗi, sai su fassara shi da haɗama. Alhali kogin a rabe yake kashi-kashi bisa yarjejeniyar ciniki. Kede na ƙasar Nufe suna riƙe da nasu yanki, Kakanda da Igala suna da nasu, mutanen Abo suna hawa zuwa kasuwannin sama, mutanen Nembe kuma suna tsayawa a Abo. Gishiri da bindiga da tufafi suna hawa, kanwa da hauren giwa da doya da manja da bayi suna sauka, kowane kaya yana sauya hannu a kan iyaka. Baƙon da ya zo zai ratsa dukkan iyakokin ba tare da izini ba barazana ce ga abincin kowa. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma littafin ya tabbatar da wannan karin magana a wurare da dama.

6.0 Wa Ya San Me?

Akwai amsar da aka saba bayarwa a kan wannan batu, wato kakanninmu sun san kogin gaba ɗaya tun kafin Bature ya zo. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma tana buƙatar gyara. Kogin yana da sunaye da yawa: Joliba a ƙasar Mande, Isa Ber a bakin Zabarmawa, Kwara a Hausa, Edu a Nufe, Oya a Yarabanci, Orimili a ƙasar Ibo. Yawan sunayen nan yana nuna yadda ilimin yake. Kowace al'umma ta san nata yanki sani na ƙwarai, ta san na maƙwabta gwargwado, abin da ya wuce nan kuma ji ne. Masuncin Nembe ba shi da buƙatar sanin Tambutu, malamin Sakkwato kuma bai taɓa ganin shingen Akasa ba. Waɗanda suka ratsa dukkan hanyar daga tudu zuwa teku galibi bayi ne, kuma ba su dawo sun ba da labari ba, sai irin waɗanda MacQueen ya tarar a Girenada.

Saboda haka adalci shi ne a ce 'yan'uwan nan su ne suka fara bin kogin daga Busa zuwa teku a tafiya ɗaya suka kuma rubuta labarin ya isa ga masu karatu a duniya. Wannan aiki ne babba da ya buƙaci haƙuri da ƙarfin hali. Amma mashigin Nun yana kan taswirorin Turai tun kafin a haife su, jirgin Ingila ma suka tarar yana jiran manja a cikinsa, kuma wanda ya san hanyar daga Abo zuwa can shi ne King Boy.

7.0 Abin da Kalmar Ta Haifar

Littafin ya fito a 1832, kuma a shekarar ne Macgregor Laird na Libaful ya tura jirage biyu masu tururi ƙarƙashin jagorancin Richard Lander. Sunayensu ma daga bakin mutanen kogin aka aro su, ɗaya Kwara ɗaya Albarka. Cikin Turawa 48 da suka tafi, 9 ne kawai suka koma. Lander da kansa an harbe shi a Angiama a kan reshen Nun, ya mutu a tsibirin Fernando Po a watan Fabrairu na 1834. Tafiyar gwamnati ta 1841, wadda Schön mai nazarin Hausa da Samuel Ajayi Crowther suka bi, ta yi asarar Turawa fiye da 40. Sai a 1854 ne Baikie ya hau da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa maganin kwinin, ya dawo ba a rasa kowa ba. Tururi ya karya ƙarfin shinge da gudun ruwa, kwinin ya rage ƙarfin zazzaɓi, katanga biyu da suka tsare kogin tsawon ƙarnuka suka faɗi.

A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Ingila ta sami amincewar sauran ƙasashen Turai a kan ƙasan kogin, kuma tarihin matafiyanta da 'yan kasuwarta yana cikin abin da ta dogara da shi. A 1886 aka ba kamfanin George Goldie izinin mulki, ya mai da Akasa babbar tasharsa, ya ɗora haraji da lasisin da suka hana mutanen Nembe zuwa kasuwannin da kakanninsu ke zuwa. Jikokin waɗanda suka fanshi Lander suka koma 'yan fasa-ƙwauri a kan ruwansu. A watan Janairu na 1895 Sarki Koko na Nembe ya kai hari Akasa, rundunar ruwan Ingila ta rama a watan Fabrairu da ƙona Nembe. Binciken da Sir John Kirk ya gudanar ya tabbatar da cewa kukan nasu yana da tushe. E. J. Alagoa, wanda shi ma ɗan Nembe ne, ya rubuta wannan tarihi daga ɓangaren mutanensa a littafinsa na 1964. Daga baya harkar jirage ta fi karkata ga mashigin Forcados da tashar Burutu, Akasa ta koma baya.

Arewa ma abin ya shafe ta kai tsaye. Ta wannan hanyar ruwa ce kayan yaƙi suka hau zuwa Lakwaja, daga can aka ci Bida da Ilori a 1897, aka kafa mulkin Lugard a 1900, aka ci Kano da Sakkwato a 1903.

8.0 Kammalawa

An ga cewa yanayin mashigin Nun, wato rarrabuwar rassa da kurmin ruwan gishiri da shingen yashi, shi ne ya ɓoye bakin Kwara daga masu jiragen teku fiye da shekara 350, tare da taimakon tsarin ciniki da ya raba kogin kashi-kashi. An kuma ga cewa littafin 'yan'uwan Lander yana da ƙarfi a matsayin shedar gani da ido kan rayuwar kogi a 1830, yana da rauni a matsayin aikin ilimin ƙasa, kuma bai ba abokan tafiyarsu haƙƙinsu ba.

Shawara ga masu tsara manhajar tarihi ita ce a ci gaba da koyar da wannan tafiya, amma a gyara jimlar da ake haddacewa. A ce a 1830 Richard da John Lander, tare da Abubakar na Gobir, sun bi Kwara daga Busa zuwa Abo, daga nan King Boy na Nembe ya kai su teku. Haka kuma ya dace hukumomin tarihi na jihohin da kogin ya ratsa su haɗa hannu a fassara sassan littafin da suka shafi Yawuri da Busa da Raba zuwa Hausa, a gwada su da tarihin baka na waɗannan garuruwa, domin a san inda marubutan suka gani daidai da inda tafinta ko jahilcin al'ada ya karkatar da su.